Alhaji Dai Yana Tsaye

A wani gari wai shi Za-a-Duba, wanda ba ya kan taswirar kowa, don haka kada wani ya ɓata rai ya ce da garinsu nake, an yi wani Kantoma da ake kira Alhaji Lafiya-Lau. Sunan ya bi shi ne saboda duk abin da aka kai masa, gobara ce ko ambaliya, amsarsa ke nan, har mutane suka hutar da kansu kai masa. Yana da majalisa ta mutum goma sha biyu, Majalisar Haka-Ne. Sau ɗaya tak na ji an yi musu a cikinta, shi ma a kan wanda ya riga cewa haka ne.

A tsakiyar garin akwai Kasuwar Yi-Haƙuri, titi ɗaya ya ratsa ta. A bakin ƙofarta Malam Korau yake da rumfar gyaran keke, shekara talatin da ɗoriya. Mutum ne mai son abu ya zauna daidai. Ko faci kawai ka kawo, kekenka ba zai bar rumfar ba sai ya matsa birki ya ji ya kama, ya kaɗa ƙararrawa ya ji ta amsa. Matarsa Lantana tana yin ƙuli-ƙuli a gida, kullum da hantsi ta ɗoro shi a ka tare da kwalaben man gyaɗa. Sai ta fara biyawa ta rumfar ta ajiye masa kwanon kunu, ta yi masa tsiyar cewa ya fi tausayin tayar keke a kan cikinsa, sannan ta tsallaka titi ta shiga kasuwa.

Wata shekara sai ga wani sabon abin hawa ya shigo garin. Ɗan allo ne mai ƙananan tayoyi biyu, da sanda a gaba mai kai irin na keke, da batir a cikinsa. A jikin kwalin an rubuta sikuta, amma mutanen Za-a-Duba ba su da lokacin karanta kwali. Da suka ga yadda yake wucewa ba ƙara ba hayaƙi, sai dai ka ji iska ta shafi kunnenka, sai suka sa masa Sululu. Mutum ya yi masa caji, ya hau ya miƙe a kai, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ya danna da babban yatsa, shi ke nan sai a tare shi a gaba. Wanda ya shigo da su tirela guda shi ne Alhaji Mamuda, surukin Kantoma kuma ɗan majalisa, shi ne kuma ya fara hawa. In ka hango shi a kai, babbar riga ta cika da iska, sai ka ɗauka shanyar wani gida ce ta tsinke ta kama hanya.

Ranar da aka fara kawo wa Malam Korau Sululu ya ɗaure masa ƙusa, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce abin kirki ne in an bi shi a hankali. Ya ce mai hawa ya sa hular kwano, a maƙala masa ƙararrawa tunda ba ya da murya, a sa fitila gaba da baya, kada a hau mutum biyu, in an zo kasuwa kuma a sauka a tura. Masu sauraro suka yi dariya, suka ce tsufa ne ya fara kama Malam.

Kafin wata ya cika an tattake tumatir ya fi a ƙirga, an karya akuya huɗu, ƙwaurin mutane kuwa kowa da tabonsa. Sai majalisa ta zauna. Aka ɗauko littafin dokar hanya, aka kakkaɓe shi, Sakatare ya karanta. Ashe kashi uku littafin ya sani. Akwai mai tafiya da ƙafarsa, akwai mai zama a kan abin hawa, akwai kuma abin da ke tsaye, kamar bishiya da turken lantarki da motar da ta mutu a hanya. A ƙarƙashin na ukun an rubuta cewa duk wanda ya ci karo da abin da ke tsaye, laifinsa ne.

Kantoma ya gyara zama ya ce, "Mai Sululun nan, yana taka ƙasa?"

"Ba ya takawa, ranka ya daɗe," in ji Sakatare.

"Yana zaune?"

"Ai babu wurin zama, ranka ya daɗe."

"To yaya yake a kai?"

Sakatare ya sosa ƙeya. "A tsaye yake."

"A tsaye," in ji Kantoma, ya dubi majalisa.

"Haka ne," in ji majalisa.

Wani dattijo a can ƙarshen tebur ya buɗe baki zai ce tsayuwa fa iri biyu ce, akwai ta ƙafa akwai ta birki. Da ya ɗaga ido ya ga Alhaji Mamuda na kallonsa, sai ya mai da maganar tari. Nan aka tsayar da magana: duk wanda ke kan Sululu a tsaye yake, kuma dokar masu tafiya ba ta hau kansa ba.

Na san akwai mai karatun da zai ce wannan ai hauka ne, ba garin da za a yi haka. Ni ma haka na ce. Mu ci gaba.

Tunda mai Sululu ba tafiya yake ba, ba ya buƙatar lasisi, ba ya buƙatar lamba, fitilar kan titi ma in ta nuna ja ba da shi take ba, domin ja cewa take a tsaya, shi kuwa tun daga gida a tsaye yake. Hular kwano ta zama rashin kunya ga majalisa, don wanda ya sa ta yana nufin zai iya faɗuwa, wato yana zargin kansa da motsi. Wata malamar makaranta da ta nace sai ta sa hularta, ta kuma riƙa sauka tana tura nata a kasuwa, sau biyu ana tsare ta. Na biyun ma laifinta ya fi girma, domin da ta sauka ta zama mai tafiya da ƙafa ɗauke da kayan masu tsayuwa. 'Yan acaɓa suka gano dabara, da sun hango jami'i sai su miƙe a kan babur. Wani direban tifa ya cire kujerarsa gaba ɗaya ya sayar. Malam Korau ya ɗaura wa Sululu bakwai ƙararrawa ba tare da ya karɓi ladan aiki ba, sai ga jami'i ya zo rumfar da sukundireba ya kwance su ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, kai da girmanka," in ji jami'in. "Wa ka taɓa gani yana tsaye yana kaɗa wa mutane ƙararrawa?"

Ranar wata Laraba da hantsi Lantana ta ajiye kunu, ta yi tsiyarta, ta nufi titi. Ta dubi dama ta dubi hagu, ta kasa kunne kamar yadda ta saba tun tana amarya, ba ta ji komai ba, ta sa ƙafa. Alhaji Mamuda ya ɓullo ta bayan wata motar kaya, waya a kunne, hannu ɗaya a kan Sululu. Malam Korau yana gani daga rumfa, amma kafin sunanta ya fito daga bakinsa an gama. Alhaji ya faɗa kan babbar rigarsa ya tashi garau, sai ɗan mai da ya ɓata masa hannun riga. Lantana kuwa tana kwance cikin ƙuli-ƙuli da fasassun kwalabe, ta yunƙura sau biyu ta kasa.

"Malam," ta ce da ya durƙusa kusa da ita, "ƙafar nan kamar ba tawa ba."

Aka kai ta Asibitin Dawo-Gobe. Likitan mutumin kirki ne, ya duba ta da kyau, ya ja Malam Korau gefe ya gaya masa gaskiya. Ƙashin ƙugu ne ya karye daga ciki, sai an yi aiki, kuma kada a daɗe. Amma ƙa'idar asibitin ita ce ba a ba wanda ya yi haɗari a titi gado sai ya zo da takardar shaidar cewa shi aka buge. Wanda ya buge wani kuwa sai kotu ta gama da shi tukuna. Likita ya ba su ƙwayar rage zafi, yana magana yana kallon takalminsa. Aka mai da Lantana gida, Malam Korau ya rufe rumfa ya shiga neman takarda guda ɗaya mai layi biyu.

Ya fara da Ofishin Kula da Masu Tafiya. Babban jami'in ya karɓe shi da fara'a, ya ce ai rahoton ma ya riga shi zuwa. Ya karanta masa: wata mata mai tafiya da ƙafa ta auka wa wani bawan Allah yana tsaye.

"Yallaɓai, a gabana aka yi. Da gudu ya zo."

"A kan me ya zo?"

"A kan Sululu."

"To ka gani. Ni masu tafiya nake kula da su, kuma mai tafiya ɗaya ce a cikin maganar nan, ita ce taka. In ƙorafi kake da shi a kan wanda ke tsaye, ofishinsu na can bayan masallaci."

Ofishin Kula da Abin da ke Tsaye ɗaki ɗaya ne mai ƙura, da can aikinsa ƙidayar bishiyoyi da turakun lantarki, yanzu kuwa an yi masa sabon fenti saboda manyan da suka shigo ƙarƙashinsa. Jami'in ya saurari Malam Korau har ƙarshe, ya ce shi a nan ɓarnar da aka yi wa abin da ke tsaye yake rubutawa, ba wadda abin da ke tsaye ya yi ba, don tun da aka kafa ofishin bishiya ba ta taɓa bin kowa ba. Ya tambaya ko Malam ya san adadin man da ya zuba a rigar Alhaji.

Rana ta huɗu Malam Korau ya haɗiye abin da ke ransa, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tafi gidan Alhaji Mamuda. A tunaninsa in mutumin ya ce da bakinsa shi ya yi bugun, magana ta ƙare. Ya jima a ƙofar gida kafin Alhaji ya fito. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi halin da matarsa ke ciki, ya ce ba ya neman komai sai kalma ɗaya. Alhaji ya saurara, idonsa har ya kawo ruwa. Ya dafa kafaɗar Malam Korau.

"Haba Malam, tashi. Ka je ka gaya mata ta kwantar da hankalinta. Wallahi na yafe mata, duniya da lahira."

Wannan maganar ita ta fi ƙona mini rai a duk labarin, domin na tabbata har zuciyarsa ya faɗe ta.

A gida an kira maɗori, ya lallatsa ya girgiza kai, ya ce wannan karayar ta fi ƙarfin karansa, ba zai cuce su ba. Ƙugun ya kumbura, zazzaɓi ya fara zuwa da la'asar. Amma bakin Lantana bai karye ba. Da Malam Korau ya dawo ya zauna a bakin tabarma ya ba ta saƙon Alhaji, sai ta yi dariya har zafin ya katse ta.

"Allah ya saka masa," ta ce. "Malam, shekara talatin ina tsallaka titin nan, ashe ni ce haɗarin da ke cikinsa ban sani ba. In ka koma ka ce musu na tuba, ba zan ƙara bugun Alhazai ba."

Ya taya ta dariyar, ya gyara mata matashi, ya ce zai duba awaki. Ba su da awaki. Ya fita zaure ya zauna ya yi kukansa.

Daga nan ya rubuta wa majalisa wasiƙa, ya ce a dubi Allah a raba tsayuwar ƙafa da tsayuwar birki. Kantoma ya ce lafiya lau, aka kafa Kwamitin Zama kan Tsayuwa, Alhaji Mamuda ne mataimakin shugaba. Suka yi zama uku a mako guda, abin da ba a taɓa gani ba a garin. Rahotonsu ya ce kowa ya san Alhaji Mamuda tsayayyen mutum ne, sau uku yana tsayawa takara, kullum yana tsaya wa jama'arsa, saboda haka mutumin da ya ƙare rayuwarsa a tsaye ba za a wayi gari a ce ranar Laraba kaɗai ya yi tafiya ba. Suka kuma ba da shawarar a tura su ƙasar waje su ga yadda ake tsayuwa a can.

Saura kotu ke nan. A Kotun Saurara-Tukuna Lantana ce ake tuhuma, Malam Korau ya tsaya mata tunda ba ta iya tashi. Ba shi da lauya, amma ya yi kwanaki yana juya magana ɗaya a ransa kamar yadda yake juya taya yana neman inda ƙaya ta shiga. Da aka ba shi dama ya miƙe.

"Allah gafarta Malam, tambaya ɗaya gare ni. Ranar Larabar nan Alhaji a gidansa ya karya kumallo, masu gadinsa sun shaida. Matata a bakin kasuwa ta faɗi. Daga gidansa zuwa kasuwa mil biyu ne. In a tsaye yake, wa ya kawo shi?"

Alƙali ya cire tabarau ya sake mayarwa. Can sai lauyan Alhaji ya tashi a hankali, yana murmushi.

"Allah gafarta Malam, amsar a fili take. Garin nan ci gaba yake yi. Mai girma Kantoma da kansa yana faɗa a rediyo kowace safiya. To in gari yana ci gaba, ai mutum yana tsaye ma sai kasuwa ta zo ta same shi. Sai dai in mai gyaran keke yana nufin garin ne ba ya motsi."

Alƙali ya shiga tsaka mai wuya. Ba mugun mutum ba ne, ya kuma gane tambayar Malam Korau sarai, amma rediyon yana gidansa shi ma. Ya yi ta buɗe littafi yana rufewa, daga ƙarshe ya samo mafita. Ya ce kotu ba za ta shiga maganar gari ba. Mutum biyu ne a gabanta, ɗaya ne mai tafiya a cikinsu. A dawo bayan mako biyu tare da wadda ake tuhuma, ko a kan tabarma ne, a tabbatar wa kotu wane ne ya fi wani sauri. Wanda aka samu yana riga ɗan'uwansa, shi ne mai tafiya, ɗayan kuma a ba shi takardarsa nan take.

Malam Korau ya fito kotu kamar an sauke masa dutse. Matar da ba ta iya juyawa sai an juya ta, da Sululu mai cikakken caji, ai ko Majalisar Haka-Ne aka ba wannan shari'ar ta san inda za ta faɗi. Ya sayo mata lemo a hanya, ya shiga gida yana cewa sun yi nasara, saura kwana goma sha huɗu kawai.

"Goma sha huɗu," in ji Lantana. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki. "To Malam, Allah ya kai mu."

Ta yi ƙoƙari, wannan kam zan shaide ta. Ta sha kunu ko ba ta so, ta haɗiye ƙwaya, ta daina tsiya don ta tara ƙarfi. Ta kai kwana goma sha biyu. A na sha uku da azahar, Malam Korau na riƙe da hannunta, Allah ya karɓi abarsa. Aka yi mata sutura kafin la'asar. 'Yan kasuwa suka rufe rumfuna suka raka ta, 'yan majalisa ma uku sun zo, sun jingina Sululunsu a bangon maƙabarta.

Washegari maƙwabta suka ce ya zauna a karɓi gaisuwa, takardar ai ba ta da sauran amfani. Ya ce ya sani. Amma ba zai bari sunan Lantana ya zauna a littafin garin nan a matsayin matar da ta buge mutum ba. Ya sa rigarsa, ya tafi da ƙafa.

Kotu ta cika. Alhaji Mamuda ya riga kowa shigowa, yana gefe a tsaye, hannunsa a kan Sululu. Magatakarda ya kira sunan Lantana sau uku. Malam Korau ya miƙe shi kaɗai.

"Ina wadda ake tuhuma?" in ji alƙali.

Malam Korau ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Ba a haka aka rene shi ba, ya ambaci matarsa da kalmar da ake faɗa wa akuya. Ya sunkuyar da kai ya faɗa yadda kowane mai ladabi zai faɗa.

"Allah gafarta Malam, jiya da azahar ta riga mu gidan gaskiya."

Alƙali ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, kotu duka ta ce amin, har da Alhaji. Sai lauyan Alhaji ya matsa ya yi wa alƙali raɗa. Alƙali ya ɗago a hankali, bai yarda sun haɗa ido da Malam Korau ba.

"Malam Korau, ka yi haƙuri, don littafi ne. Ka ce ta riga ku?"

"Ta riga mu, Allah gafarta Malam."

"Ku duka?"

"Mu duka."

"Har da Alhaji?"

Malam Korau ya juya ya dubi Alhaji Mamuda, ya dubi Sululun, ya dubi mutanen kasuwa da suka cika benci, kowa ya sunkuyar da kai.

Alƙali ya juya wajen magatakarda ya ce, "Ɗauki biro."